Abdullahi Smith: Baturen da ya zo koyar da tarihi, ya bar mana malaman tarihi

Duk wanda ke jami'a a yanzu ya san wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a kusan kowane sashe: Farfesa wane ya kusa ritaya, Dokta wance ta samu aiki a ƙasar waje ta tafi, kuma har yau ba a ɗauki kowa a gurbinsu ba. Sai ka ga lakcara ɗaya yana riƙe da kwas uku ko huɗu, ga furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe jibge a kan teburinsa. Mu ɗalibai mun fi ganin sabon gini da sabon get, amma jami'a malamanta ne. To ta yaya sashe ke haifar malamansa da kansa, har tsoho ya tafi ba a ji giɓi ba? Akwai mutumin da ya yi wannan aiki a nan Arewa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ya bari yana nan kusa da mu 'yan Hayin Banki. Sunansa Farfesa Abdullahi Smith.

Kar sunan ya ruɗe ku. Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1920, sunansa na yanka Henry Frederick Charles Smith, shi ya sa a tsofaffin rubuce-rubucensa za ku ga H.F.C. Smith. Ya karanta tarihi a Jami'ar Kambirij. Kafin ya zo Najeriya ya yi aikin koyarwa a Sudan, kuma zaman nan na Sudan shi ya haɗa shi da Larabci da duniyar malaman Musulunci. Wannan ne ya bambanta shi da yawancin Turawan da suka rubuta tarihinmu kafin shi, waɗanda akasarinsu razdanoni ne da di'o-di'o, masu tara labari ta bakin tafinta.

A 1955 ya iso Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda a lokacin ita kaɗai ce jami'a a ƙasar nan. Can ya tarar da Kenneth Dike, masanin tarihin da ya kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda kuma ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci kwalejin. Su Dike suna cikin wani yaƙi ne na ilimi. A wancan zamani, a manyan jami'o'in Turai, akwai masu cewa Afirka ba ta da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ta. Har a 1963 wani babban farfesa na Jami'ar Okusfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito ya faɗi irin wannan magana a bainar jama'a. Hujjarsu ita ce wai babu rubutu. Smith kuwa ya san akwai rubutu, tuli guda ma, sai dai da Larabci yake da ajami, yana cikin gafaka da adaka a zaurukan malamai daga Sakkwato har Kukawa.

Ya shiga aikin Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya gadan-gadan, yana bin diddigin rubuce-rubucen hannu, yana fitar da jerin sunayensu don sauran masu bincike su san da su. A 1961 ya wallafa wata maƙala a mujallar ƙungiyar, inda ya nuna cewa an yi watsi da babban babi a tarihin Afirka ta Yamma, wato juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19. Abin da yake nufi a taƙaice shi ne, jihadin 1804 ba rikicin Fulani da Haɓe ba ne kawai kamar yadda littattafan 'yan mulkin mallaka suka zana shi. Motsi ne na masu ilimi, waɗanda suka rubuta abin da suke so su gina da irin gwamnatin da suke ganin ta dace, don haka duk mai son fahimtarsa dole ya zauna ya karanta Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Yau wannan magana kamar ba komai ba ce, ɗan sakandare ma ya san ta. Amma a wancan lokaci sabuwa ce fil a jami'a.

Sai ga 1962. A ranar 4 ga Oktoba aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma Smith ya baro Ibadan ya zo ya kafa sashen tarihi. Ku dubi halin da ya tarar. Jami'ar ta fara da ɗalibai 426, a cikinsu 147 ne kawai 'yan Arewa. Shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan ne. A cikin rukunin malaman farko, 'yan ƙasa biyu ake ambata: Iya Abubakar a lissafi, da Adamu Baikie a fannin ilimi. Sauran duk baƙi ne, masu kwantiragi, waɗanda in wa'adinsu ya cika sai su ɗaure kaya. Jami'a irin wannan tana tafiya ne da kayan aro, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Da Ishaya Audu ya karɓi shugabancin jami'ar a 1966, ya riƙe har 1975, babban abin da ya sa a gaba shi ne samar da ɗalibai da malamai na gida. A zamaninsa aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, wadda iyayenmu ke kira SBS, don yaran Arewa su samu hanyar shiga. Amma shugaba yana iya buɗe ƙofa ne kawai. Mai zama da ɗalibi shekara huɗu ko biyar, yana karanta babi yana mayar masa da jan biro, har ya zama malami, wannan aikin shugaban sashe ne da farfesoshinsa. A nan Smith ya yi fice.

Abu na farko da ya gane shi ne, ba a yin digirin digirgir da iska. Sai da kayan aiki. A 1964 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa, haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Zariya, kuma shi ne ƙashin bayansa. Masu bincike suka bazama gari-gari, suna roƙon malamai da sarakuna da iyalan gidajen ilimi su ba da aron littattafansu a ɗauki hotonsu a kan fim, a mayar musu da abinsu. Wannan fa ba ƙaramin aiki ba ne. Ka je wa dattijo ka ce ya buɗe maka gafakar kakansa, kai ga ka ɗan boko, wataƙila ma tare da Bature, ai sai da haƙuri da ladabi da yawan zarya. Abin da aka tara ya zama rumbun da ɗaliban sashen suka ci daga ciki shekara da shekaru, ba sai sun tafi Landan neman tarihin garinsu ba.

Abu na biyu, wanda ni ya fi burge ni, shi ne yadda ya ɗauki malaman zaure a matsayin abokan aiki. Ɗalibinsa na Ibadan, Murray Last, tura shi ya yi Sakkwato ya zauna a gaban Waziri Junaidu, ya karanta wasiƙun gidan waziri da littattafan da ke ɗakin karatunsa. Last ya kammala digirinsa a 1964, littafin ya fito a 1967 da sunan The Sokoto Caliphate. A wannan shekarar dai wani tsohon jami'in mulkin mallaka, H.A.S. Johnston, ya fitar da nasa littafin mai kiran daular da sunan daular Fulani. Littattafai biyu, shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, suna biyu. Ku duba ku gani wanne suna ne ya zauna a bakin duniya yau. Daga baya ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama Waziri Junaidu da digirin girmamawa, wato boko ta miƙe tsaye ta gaida zaure.

A 1967 Smith ya karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan Abdullahi, daga baya kuma ya zama ɗan Najeriya. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, mutumin ya daina zama mai kwantiragi, ya zama ɗan gida.

Yanzu bari mu zo kan maƙalarsa da ta fi tayar da ƙura, ta 1970, a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Dukkanmu mun tashi da labarin Bayajidda: baƙo daga Bagadaza, rijiyar Kusugu, macijiya, sarauniyar Daura, Bawo da 'ya'yansa, Hausa Bakwai. Turawa irin su H.R. Palmer sun so wannan labari ƙwarai, domin ya dace da abin da suka riga suka yarda da shi, cewa baƙar fata ba ya iya kafa mulki sai wani mai hasken fata ya zo daga gabas ko arewa ya kafa masa. Smith bai ce a jefar da labarin ba, amma ya nuna ba zai iya bayyana yadda aka samu birane da sarauta ba. Sai ya koma kan ƙasa ita kanta. Ya ce a duba yadda gidaje suke taruwa su zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa. A duba wuraren da ke da ƙasar noma da tama da ruwa, da duwatsun da mutane ke girmamawa saboda iskoki, irin su Dala a Kano da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau. Irin waɗannan wurare su ke jawo baƙi, maƙera da fatake da mafarauta, mutanen da ba dangin juna ba. To da zarar an tara mutanen da jini bai haɗa su ba, ikon maigida ba ya isa, sai an samu sarki da masu sarauta. Kun ga ke nan sarauta tsirowa ta yi daga cikin buƙatun mutanen wurin.

Ni da nake karanta aikin jarida, wannan hanya ta yi min kama da abin da ake koya mana a aji game da tantance labari: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me yake nema da faɗar? Wallahi da masu rubuta mana tarihin garuruwa a Facebook za su riƙe waɗannan tambayoyi uku, da rabin faɗan da ake yi a ƙarƙashin rubutunsu bai taso ba.

Amma ainihin ma'aunin Smith yana cikin jerin mutanen da suka fito daga wannan sashe. Mahdi Adamu ya yi digirinsa na biyu a kan Yawuri, ya rubuta shahararren littafi a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya kuma shugabanci jami'ar Sakkwato. Sa'ad Abubakar ya kammala digirin digirgir a 1970 a kan masarautar Fombina, wato Adamawa. Muhammad al-Hajj, ɗan Sudan, ya yi nasa a 1973 a kan aƙidar Mahadi a Arewacin Najeriya. Yusufu Bala Usman ya gama a 1974 a kan Katsina. Muhammad Nur Alkali ya yi a kan Kanem-Borno zamanin Sefawa a 1978, ya zo ya shugabanci Jami'ar Maiduguri. Mahmud Modibbo Tukur ya kammala a 1979 a kan yadda Ingilishi suka ci ƙasar nan da yaƙi tsakanin 1897 da 1914, shi ne kuma ya shugabanci ƙungiyar ASUU ta ƙasa. Abdullahi Mahadi ya yi nasa a kan sarauta da tattalin arzikin Kano a 1982, ya zama shugaban ita kanta ABU, daga baya kuma na Jami'ar Jihar Gombe. Ku lura da yadda aka raba aikin, kusan kowa da yankinsa, kamar ana rabon gandu. Ba haka kawai abin ya faru ba. Kuma da yawansu ba tafiya suka yi da takardarsu ba, nan suka tsaya suka koyar, suka yaye wasu.

Bala Usman shi ne misalin da ya fi dacewa a tsaya a kai. Ɗan gidan sarautar Katsina ne, ya yi karatu a Lankasta ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa kafin ya shigo sashen. Ya ɗauki hanyar malaminsa ta tuhumar madogara, ya kai ta inda malamin bai kai ba. Har Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratsa Katsina a shekarun 1850, wanda kowa ke ɗaukar littafinsa kamar yankan wuƙa, sai da Bala ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi: a gidan wa ya sauka, wa ke ba shi labari, me ya gani da idonsa, me aka faɗa masa? A siyasa kuwa Bala ɗan ra'ayin gurguzu ne mai zafi, har ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa. Wannan ba layin Smith ba ne. Amma sashen ya ɗauke su duka biyu, kuma malamin bai danne ɗalibin ba don ya fi shi ƙarar murya. A Janairun 1975, da aka yi babban taron ƙara wa juna sani a Sakkwato kan tarihin daular, Smith ya gabatar da takarda a kan abin da jami'o'inmu za su koya daga manufofin ilimi na masu jihadi, amma Bala ne ya tace kundin taron da ya fito a 1979. Ɗalibi yana tace rubutun malaminsa, malamin kuma yana raye.

Sai kuma Gidan Arewa. In ka taso daga Hayin Banki ka hau Keke Napep ka bi titin Ali Akilu zuwa Unguwar Sarki, 'yan mintuna ne za su kai ka lamba 1, titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, inda aka kashe shi a daren 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka kafa kwamitin rubuta tarihin Arewa, daga nan aka samu cibiyar, hukumar da ke kula da kadarorin haɗin gwiwa na jihohin Arewa ta ba da gidan, Smith ya zama daraktan farko, daga baya cibiyar ta koma ƙarƙashin ABU. Gidan da aka zubar da jini ya zama ɗakin karatu. A ciki akwai fayilolin gwamnatin Arewa, da tsofaffin jaridu, da rubuce-rubucen Larabci da ajami, da kundayen digiri, da gidan kayan tarihi. Da yawanmu mun san wurin ne a matsayin zauren da 'yan siyasa ke taro a ciki, ko inda ake ƙaddamar da littafi a raba lemo. Kaɗan ne suka taɓa zagayawa baya su nemi fayil. Ɗan ajin ƙarshe da ke neman abin rubutawa a kan tarihin jarida ko rediyo a Arewa, yana kwafe-kwafe a intanet, alhali ga kayan a bayan gidansu.

Ba zan ce aikin ba shi da naƙasu ba. An soki makarantar Zariya ta farko da cewa ta fi karkata ga manyan dauloli masu rubutu, Sakkwato da Borno, ta bar al'ummomin da ba su da gafakar Larabci a baya, irin mutanen kudancin Kaduna da Filato da Binuwai. A ganina sukar tana da ƙamshin gaskiya, don mai bin takarda inda takarda take yake zuwa. Sai dai daga cikin sashen ne kuma gyaran ya fito. Monday Mangvwat ya yi digirinsa a nan a kan lardin Filato, ya je ya shugabanci Jami'ar Jos. George Kwanashie ya rubuta yadda aka ƙera abin da ake kira Arewa tsakanin 1900 da 1965, shi ma ya riƙe Gidan Arewa.

Wani zai ce ai zamaninsu da kuɗi. Gaskiya ne a shekarun 1970 naira tana da daraja, malami yana iya sayen mota da littafi. Amma mu ma ba a ce babu komai ba. Akwai asusun TETFund, wanda asalinsa daga gwagwarmayar ASUU ta 1992 ya fito, kuma yana ɗaukar nauyin malamai su yi digiri na biyu da na uku. A 2012 an ɗaga shekarun ritayar farfesoshi zuwa 70. Wannan ya sayo lokaci, amma lokacin me aka yi da shi? Idan farfesa ya ƙara shekara biyar a ofis bai yaye ko mutum biyu da za su gaje shi ba, an dai ɗaga ranar giɓin ne kawai. Ga kuma yajin aikin 2022 da ya cinye mana wata takwas, wanda bayansa malamai matasa da dama suka fara neman hanyar fita. Ɗalibin da ya fi kowa maki a sashe, wanda a da za a riƙe shi a matsayin mataimakin malami tun kafin ya tafi bautar ƙasa, yau sau da yawa sai dai ka gan shi yana sana'ar POS a bakin Kawo, don an ce ba a ɗaukar aiki, ko kuma gurbin na mai uwa a gindin murhu ne. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 ta kai shekarun da ya kamata a tambaye ta, ita da sauran takwarorinta, malamai nawa ta haifa da cikinta, kuma nawa ne suka zauna.

Smith bai bar wani ƙaton littafi guda da sunansa ba, irin wanda manyan farfesoshi ke bari. Maƙalu ya rubuta, da babi a littafin tarihin Afirka ta Yamma da Ajayi da Crowder suka tace a 1971, da nazari a kan asalin Sefawa na Borno da ya fito dab da ƙarshen rayuwarsa. Lokacinsa ya tafi ne a kan kundayen wasu. Ya rasu a 1984 yana da shekara 64 ko kusa da haka. Almajiransa suka kafa cibiyar bincike da sunansa a Zariya, suka tattara rubuce-rubucensa suka buga a 1987 da sunan A Little New Light, wato ɗan ƙaramin sabon haske. Mahmud Tukur ya bi shi a 1988, Bala Usman a 2005, Nur Alkali a 2014. A harabar Samaru, a Tsangayar Fasaha, akwai babban ɗakin lacca mai ɗauke da sunan Abdullahi Smith, inda har yau 'yan aji ɗaya ke rububin wurin zama da sassafe. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya.